Kafin Ƙarfen Sabis Ya Tsaya

Duk wanda ya mallaki hankalinsa kafin shekarar 2001 bai manta yadda magana take tafiya a ƙasar nan ba. Idan kana Kano kana son jin muryar ɗan'uwanka da ke Legas, sai ka yi sammako zuwa ofishin waya ka bi layi, ko ka nemi alfarma a gidan wani mai hali da ke da wayar girke a falo, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado, an maƙala mata ɗan kwaɗo don kada yara su taɓa, ka ɗosana a bakin kujera kana juya lamba kana sake juyawa, mai gida yana janka da hira alhali hankalinka yana can wurin abin da ya kawo ka. Wanda ba shi da wannan hanya sai ya rubuta wasiƙa ya kai tasha ya ba direba, ko ya ɗauki muryarsa a kaset, ya gai da kowa da kowa har da jaririn da aka haifa bayan tafiyarsa, ya naɗe a leda ya damƙa wa matafiyi. A lokacin lambar Kano 064, ta Kaduna 062, kuma duk layukan wayar da ke aiki a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a fiye da miliyan 100. Yau yaro yana kwance a kan tabarma yana kallon fuskar kakarsa da ke Makka.

Abin ya soma juyawa ne a watan Janairun 2001, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne ya tashi a kan dala miliyan 285. Zuwa watan Agustan wannan shekara Econet da MTN sun fara sayar da layi, Globacom ya biyo baya a 2003 da lissafin daƙiƙa. Manya za su tuna layin da ake saya wajen naira dubu 20, da kiran minti ɗaya naira 50, da masu sana'ar kira da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin titi da agogo a hannu, da yadda mutum zai ɗaga Nokia 3310 sama yana zagaya tsakar gida yana neman inda sabis zai kama. Wannan ɓangaren kowa ya san shi. Wanda ba a cika ba da labarinsa ba shi ne na mutanen da ke shiga gari tun kafin a haƙa ramin ƙarfen sabis, ɗauke da wani akwatin ƙarfe da eriya da naɗin baƙar waya mai kauri. Na yi wannan aiki ina saurayi, ƙaramin ma'aikaci a bayan injiniyoyi, wasu namu, wasu daga Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Turai.

Abin da ke cikin akwatin tiransimitar gwaji ce. Girmanta bai wuce na jakar tafiya ba, amma in za a hau bene da ita sai an yi karɓa-karɓa. Ba ta ɗaukar kira, ba ta ɗauke da muryar kowa. Aikinta ɗaya ne, ta riƙa fitar da sigina tsantsa a kan zango guda, ba yankewa, ba hawa ba sauka, da ƙarfin da aka sa mata. Zangon yakan faɗa cikin megahaz 900 ko 1800, gidaje biyun da GSM ke zaune a ƙasar nan, ƙarfin kuma daga 'yan wat kaɗan har zuwa wat 20. A fuskarta akwai ɗan allo da maɓallin zango da na ƙarfi, a bayanta fanka tana huci. Dabarar kamar ka ɗora mai shela ne a kan dutse ka ce ya yi ta kira da murya ɗaya ba ƙari ba ragi, kai kuma ka bi gari lungu-lungu kana rubuta inda muryar ta fito sarai, da inda ta dushe, da inda ta ɓace. Tunda ka san ƙarfin da ya bar eriya, ka kuma auna abin da ya iso gare ka, to gibin da ke tsakani shi ne abin da nisa da gine-gine da itatuwa suka cinye.

Matasa za su ce ai kwamfuta tana iya lissafa wannan. Ko a wancan lokaci akwai manhajojin tsara sabis irin su Asset da Planet, kuma lissafin da ke cikinsu yana da tarihi. Yoshihisa Okumura da abokan aikinsa sun zagaya Tokiyo da kewayenta suna awo, suka buga sakamakon a 1968. Masaharu Hata ya mayar da shi ƙa'idar lissafi a 1980, daga baya Turawa suka faɗaɗa ta a ƙarƙashin shirin COST 231 don ta kai megahaz 2000. Aiki ne nagari, har gobe ana cin moriyarsa. Sai dai da Tokiyo aka auna shi, ba da Kano ba. Ƙa'idar ba ta san katangar ƙasa mai kaurin kamu biyu ba, ba ta san soro da azara ba, ba ta san lungun da mutum biyu ba sa jerawa ba, ba ta san rufin kwanon da ya shimfiɗu daga Sabon Gari har Fagge ba. In aka yarda da ita haka nan, taswirar ofis za ta nuna kore shar, mutumin da ya zuba kuɗinsa ya sayi layi kuma yana tsaye a zaurensa yana ta "alo, alo". Ƙarfen sabis guda ba ƙaramar dukiya yake ci ba, ga fili, ga ƙarfe, ga janareto da mai, ga mai gadi, kuma in an kafa shi inda bai dace ba babu mai tsige shi ya matsar gaba. Shi ya sa ake fara aunawa, a gyara lambobin ƙa'idar su dace da garin, sannan a ƙyale kwamfuta ta yi hasashen sauran wuraren. Gani ya kori ji.

Tun kafin a ɗora akwati a mota ake zaɓen wuraren da za su tsaya a madadin gari gaba ɗaya: cikin birni mai cunkoso, unguwa mai faɗin titi da inuwa irin Nasarawa, wajen masana'antu irin Bompai ko Sharaɗa, sai bakin gari inda gonaki suka fara. A nemi izinin mai bene, a ɗauki takardar kamfani, a sanar da hukuma. Idan an isa wurin, abin farko saurare ne. Sai an kunna na'urar karɓa an tabbatar babu kowa a kan zangon da za a yi amfani da shi, don in akwai wani a kai awon ya gurɓace, kuma kai ma za ka shiga haƙƙinsa.

Sai hawa. Ana so eriyar gwaji ta tsaya daidai tsayin da ta gaske za ta tsaya, wajen mita 30 ko abin da ya yi kusa, don haka ake neman dogon bene a kafa sanda a kansa, ko a kawo irin ƙarfen nan mai zugewa gaɓa-gaɓa da ake bugawa da famfo, a ɗaure shi da igiyoyi ta kusurwa uku, ana kaffa-kaffa da wayoyin lantarki. Har yanzu hannuna bai manta yadda ake murɗa bakin wayar nan mai kauri a gindin eriya ba, a hankali har zaren ya hau daidai, sannan a ɗaure tamau a naɗe da baƙin salatif don ƙura da raɓa. A saki igiyar awo daga gindin eriya har ƙasa a rubuta tsayi. A ɗauki lambobin GPS. A tsaya da kamfas a ɗauki hoton gabas da yamma da kudu da arewa da tsakaninsu, saboda wanda zai zauna da alƙaluman a ofis ya san akwai tankin ruwa ko hasumiyar masallaci a wane gefe. Daga nan a saka ma'aunin ƙarfi tsakanin tiransimita da waya, a duba abin da ke fita da abin da ke dawowa. In mai dawowa ya yi yawa, akwai inda aka ɗaura ba daidai ba, ko wayar ta karye daga ciki, sai a kwance a sake.

Babban injiniyanmu yana da maganganu uku da yake maimaita wa kowane sabon yaro, ta farko ita ce: "Kada ka kuskura ka kunna sai ka ga eriya a ɗaure da idonka." Dalili shi ne ƙarfin da bai sami hanyar fita ba baya yake komowa ya ƙone cikin na'urar, kuma a lokacin in ta ƙone sai an tura ta ƙasar waje, aiki ya tsaya makonni. Ta biyu kuma, in an kunna, kowa ya ja baya daga jikin eriya, wanda zai taɓa ta sai an kashe. Ta uku, da an ga hadari ya taso daga gabas a sauke komai, don sandar ƙarfe a kan bene mafi tsawo a unguwa ba wurin tsayuwar mai rai ba ne in ana tsawa.

Dole a bar mutum ɗaya a sama tare da akwatin, kuma sau da yawa ni ne. Aikin na tsaro ne. Na'urar takan ɗauki ɗan lokaci kafin ta yi ɗumi ƙarfinta ya daidaita, kuma daga nan har yamma ba a so ya motsa. Kowane ɗan lokaci ka duba ma'auni ka rubuta a littafi, ka leƙa ƙasa ka ji ko ƙaramin janareton yana nan da rai, tunda wutar gari ba abin dogaro ba ce, ka gyara kwalin da ka kare akwatin da shi daga rana, domin a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 kuma siminti yana mayar maka da shi ta tafin ƙafa. Idan ƙarfin ya sauka da rana tsaka ba wanda ya lura, duk abin da 'yan motar da ke zagaya gari suna awo suka tara bayan nan ya zama ƙarya, za a ɗora wa unguwa laifin da ba nata ba. A hannuna akwai wayar oba-oba, ita ce kaɗai hanyar magana da su, don mu da muke shimfiɗa wa wayar salula hanya ba mu da sabis ɗin da za mu kira juna. Daga can sama nakan ga Dala da Goron Dutse, da shirwa tana shawagi a kan mahauta, da hayaƙin girkin rana yana tashi daga tsakar gidaje, in azahar ta yi kuma kiran salla ya ɗauka daga wannan masallaci zuwa wancan har ya zagaye birni, sai in shimfiɗa kwali in yi tawa a nan gefen akwati. 

'Yan mota su ne da babban aiki. A kan rufi an manna eriya mai maganaɗisu da ƙwayar GPS, a ciki na'urar karɓa da kwamfutar cinya mai nauyi da ke shan wuta daga batirin mota. Mun taki sa'a da GPS, domin sai a watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginarsa da gangan ga farar hula. Kafin nan kuskurensa yana iya kaiwa mita 100, wanda a cikin birni ya isa ya ɗauke ka daga wannan unguwa ya sa ka a waccan.

Tuƙin ma yana da ƙa'ida. Sigina ba ta tafiya miƙe a gari, takan bugi bango da kwano da jikin tirela ta iso ta hanyoyi da yawa, wani wuri su haɗu su ƙarfafa juna, taku ɗaya gaba su kashe juna. Tsawon zango ɗaya a megahaz 900 kusan santimita 33 ne, don haka awo guda ba ya gaya maka komai. Wani masani, William Lee, ya nuna cewa sai an ɗauki awo 36 zuwa 50 a cikin tazarar zango 40 a fitar da matsakaici, wato wajen mita 13 a 900, rabin haka a 1800. Wannan ne ke ƙayyade gudun mota. In direba ya taka, awon ya yi gibi. In aka tsaya a cunkoso, kwamfuta ta tara dubban awo a wuri ɗaya da za a zubar daga baya. Ana bin titunan da suka miƙe daga tiransimita da waɗanda suka gitta, saboda titin da ya fuskanci eriya yakan ja sigina ta yi nisa fiye da gaskiyar unguwar. Direba nagari rabin aikin ne. Namu dattijo ne da ya san kowace kwana a Kano, bai yi boko mai nisa ba, amma bai daɗe ba ya gane alƙaluman. In ya ji an ce 70 ya san lafiya, in an ce 95 sai ya rage gudu ya ce, "Injiniya, mun fara fita daga hannunta, in juya?"

Alƙaluman da yake ji ɗin nan na dBm ne, wato ma'aunin ƙarfin sigina, kuma da alamar ragi a gabansu, shi ya sa babbar lamba take nufin rauni. Wat 20 da ke barin akwati shi ne 43 sama da sifili. Abin da ke isowa mota a 60 ƙasa da sifili, wanda muke murna da shi, kashi ɗaya ne cikin biliyan na wat guda. Wayar GSM tana iya riƙe magana har wajen 102 ƙasa da sifili. A fili fetal, in nisa ya ninka, ƙarfi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin gari yakan koma wajen kashi ɗaya cikin goma, wani wuri ma fiye. Duk wahalar da ake sha a rana don a san wannan lambar ce ga kowane irin unguwa.

Kuma ƙasar tana koya wa mutum abin da babu a littafi. Bayan dutse akwai inuwar da sigina ba ta shiga, ko da kana hango ƙarshen eriya in ka ɗan matsa. Layin darbejiya mai duhu yana cin 1800 fiye da 900. Awon rani da na damina ba sa zama ɗaya, domin dawa da gero in sun tashi, itatuwa sun cika ganye, hanyar da sabis ke bi salin-alin a watan Fabrairu sai ta ƙuntata a Agusta. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Kano da Haɗeja sigina takan yi tafiya har ta kusanci kilomita 35 ɗin da tsarin GSM ya ƙayyade wa tasha guda. Da asubahin hunturu kuma, lokacin da iska mai sanyi ta kwanta ƙasa mai ɗumi tana samanta, takan lanƙwasa sigina ta kai ta inda ba a aike ta ba, rana tana ɗagawa abin ya ɓace. Cikin tsohon birni kuwa akwai inda mota ba ta shiga sam. Nan sai a sauke kaya, ɗaya ya rungumi kwamfuta a buɗe, ɗaya ya ɗauki batir, ɗaya ya riƙe eriya sama da kai, a bi lungu ana sallama ana ba mata hanya, yara suna biye har ƙarshen unguwarsu su miƙa mu ga yaran unguwa ta gaba.

Ba a shiga unguwa ko ƙauye da irin wannan kaya sai an fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci. Na tuna wani dattijo da muka tarar a zaurensa a kan buzu, ya karɓi takardarmu ya juya ta ya mayar mana, ya ce, "Samari, ku yi mini bayani da baki."

Injiniya ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, wayar tafi-da-gidanka ake so a kawo garin nan. Mu an aiko mu ne mu duba inda ya dace a kafa ƙarfenta."

"To wannan da kuka ɗora, yana ɗaukar maganar mutane?"

"Ba ya ɗauka, ranka ya daɗe. Ba shi da kunne, fitarwa kawai yake yi."

"Ba zai taɓa lafiyar iyali ba?"

"Yana can sama, nesa da kowa. Mu da muke kusa da shi ne muke kiyayewa."

Ya yi shiru, sannan ya kira wani yaro ya ce ya raka mu duk inda za mu, ya kuma sa aka kawo mana fura. Da za mu tafi wata tsohuwa ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Ɗan nan, in an kawo, zan ji muryar ɗana da ke Fatakwal?" Na ce, "In sha Allahu za ki ji, Iya." Tambayoyin dattijon nan na hankali ne, kuma ya cancanci a zauna a amsa masa su, domin garinsa ne. Yanzu sau da yawa mutanen unguwa sai dai su wayi gari su ga an kewaye fili da waya ana zuba kankare.

Da dare a masauki ake zama da abin da aka tara. A zubar da awon da aka ɗauka dab da gindin eriya, da na ƙarƙashin gada, da wanda ya yi rauni har ya nutse cikin hayaniyar na'ura, da inda GPS ya ruɗe ya nuna mota tana tafiya a kan rufin gidaje. Abin da ya rage a ɗora shi a kan taswira, a jera shi da hasashen kwamfuta, a yi ta murɗa lambobin ƙa'idar har tazarar da ke tsakanin hasashe da awo ta sauko ƙasa da dB 8, wanda shi ne abin da ake ɗauka karɓaɓɓe. Taswirorin kansu ba su cika daidai ba, gari ya riga ya wuce inda suka tsaya, sai ka ga an rubuta gona a wurin da muka wuni cikin gidaje. Wanda ya taka wurin da ƙafarsa shi ke gyara wannan. Aika alƙaluman zuwa Legas ma wani aiki ne, a ƙona su a faifan CD a ba mai tafiya, ko a kwana a shagon intanet ana jiran layi ya ja.

Bayan ƙarafa sun tsaya, akwatin ya koma cikin gine-gine. Manyan otal-otal da bankuna da filayen jirgin sama suna da kankare da rodi da gilashin da sabis ɗin waje ba ya ratsawa, sai an rarraba ƙananan eriya a silin. Nan ake kafa ƙaramar tiransimita mai rauni a kan ƙafa uku, a ɗaga ta kusa da silin, a bi ɗaki-ɗaki da zanen ginin a hannu ana sa alama, tunda GPS ba ya aiki a ƙarƙashin rufi. A wannan fanni har yau ba a sami abin da ya maye gurbinta ba.

Abubuwa da yawa sun sauƙaƙa, kuma ba na ƙyashin kowa a kan haka. Layukan da ke aiki a Najeriya sun haura miliyan 150. Taswirar yau daga tauraron ɗan'adam take, tana nuna tsayin kowane gini. Tun zamanin 4G aka shigar da tsarin da wayoyin jama'a da kansu ke aika wa kamfani rahoton ƙarfin sabis da inda suke, don a rage fita da mota, saboda haka injiniya yana zaune a ofis mai sanyi yana kallon miliyoyin awo da ba wanda ya yi gumi a kansu. Da aka yi gwanjon zangon 5G a Disambar 2021, MTN da Mafab suka ɗauka a kan dala miliyan 273.6 kowanne, zangon ya koma megahaz 3500, tsawonsa bai kai santimita 9 ba, bango da ganye suna cinsa fiye da yadda suke cin na da. Wannan ya sa tiransimitar gwaji ta sake samun aiki, don sabon zango yana bukatar sabon awo.

Akwai kuma abin da ya yi wuya wanda a da ba ya cikin lissafi. A shekarun farkon nan mukan ɗauki hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ko Funtuwa zuwa Gusau har Ƙauran Namoda, da mota cike da kayan miliyoyi, mu tsaya a tsakiyar daji mu ɗaga sanda, mu sayi nono wurin Fulani, magariba ta riske mu a ƙauyen da ba mu san kowa ba a ba mu ɗaki da tuwo, abin da muke tsoro bai wuce faci da ƙarewar mai ba. Yau ba kamfanin da zai sa hannu a tura yaransa wasu daga cikin hanyoyin nan. A Satumban 2012 aka bi ƙarafan sabis a garuruwan Arewa da dama ana ƙonawa. A Mayun 2013 aka katse waya a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci, a Satumban 2021 aka katse ta a Zamfara baki ɗaya. Wanda ya san da wace wahala aka kai sabis wuraren nan, jin an kashe shi yana masa ciwo na daban.

Rahoton da wayoyin jama'a ke aikawa yana da iyaka guda da ya kamata matasan injiniyoyi su riƙe: daga inda sabis yake kawai yake fitowa. Ƙauyen da babu sabis ba ya aiko da komai, don haka a allon ofis ba ya nuna ja, ba ya nuna kore, babu shi ne kawai. Irin waɗannan ƙauyuka suna nan da yawa a Arewa, inda har yanzu akwai tudu ko bishiyar da kowa ya sani, can ake zuwa a ɗaga waya in ana son kiran asibiti ko a sanar da rasuwa. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF don irin waɗannan wurare, kuma duk ƙarfen da za a kafa da kuɗinsa ya cancanci a fara aika mutum ya auna, ya zauna da dagaci, ya ga inda mutane suke kwana da inda suke noma da inda suke cin kasuwa.

Ku da kuke karatun lantarki da sadarwa a jami'o'i da kwalejojin fasaha, in kun je koyon aiki kada ku tsaya a kan kujerar ofis. Ku roƙi a fita da ku awo, ku ɗauki akwati ku hau bene, ku ɗaura eriya da hannunku, ku wuni a mota kuna kallon lamba tana hawa tana sauka har ku iya duban unguwa ku faɗi abin da za a samu kafin na'ura ta faɗa. Mu kuma da muka yi aikin a farkonsa, yawancinmu muna raye, wasu a kamfanoni, wasu a kasuwar waya ta Farm Centre, wasu sun koma gona. Ku neme mu ku tambaya.